Gidan Inna da Sunan Kawu

Tun ranar da aka bi da ni ta tsohon layinmu na ga ana rushe gidan nan, zama ya gagare ni. Asibiti za a kai ni a duba mini gwiwa, direba ya ce hanya ta cushe bari ya ratsa ta ciki, ina ɗaga ido sai ga zaure babu rufi, wasu samari ba riga suna ta dukan katanga da diga. An ce shaguna za a jera a wurin, na siminti, a ɗora bene a sama. Ban ce a tsaya ba. Amma tun daga nan in na zauna a tabarma sai in ji kamar an zuba mini ƙaya a ƙarƙashi, in tashi in leƙa tsakar gida, in dawo, in ɗauki carbi in ajiye. Jikokina suna cewa tsufa ne. Su ai duk abin da ya dami tsohuwa tsufa ne, kamar da furfurarmu aka haife mu. Gidan ba nawa ba ne, rabona da taka shi tun ɗana na fari yana ƙarami, amma da wuyana aka ɗauko ruwan da aka kwaɓa ƙasarsa.

Wanda ya san Tudun Wada ta yau, ta hayaniyar motoci da lasifika da masu tallan fili a kowane lungu, ba zai yarda da ni ba in na ce masa daji muka tarar. Ɗorawa ce da kuka da gonakin dawa, sai gidaje jefi-jefi. Da asuba abin da ke tashe mu kukan jirgi ne daga ƙetaren Kubanni, sannan kiran salla daga birni in iska ta juyo da shi, sannan luguden mata. Da magariba ana kora awaki ciki da wuri saboda kura. Turawa ba su daɗe da zama ba, suka zo da ma'aikatansu da wata doguwar sarƙa suna ja a ƙasa, suna kafa turaku, suka yanka wurin fuloti-fuloti don baƙi irinmu da ba 'yan birni ba. Hanyoyin da suka fitar miƙaƙƙu ne sambal, tsofaffi suna ta tsaki. Na ji wani dattijo yana cewa, "Wannan wace irin hanya ce babu kwana? In mutum ya hango surukinsa ta ina zai kauce?" Yanzu kuwa na ga suruki da suruki a kan babur ɗaya, na baya ya rungume na gaba.

A lokacin haya sabon abu ce, kuma abin kunya. A yadda muka tashi, baƙo ba a tambayarsa kuɗin kwana. Bafatake in ya zo gari yana da mai masaukinsa, ya ci ya sha ya kwanta, in an sayar da kaya mai masauki ya sami la'adarsa, shi ke nan. A ce mutum ya gina ɗaki don ya karɓi kuɗi a hannun wanda ya kwana ciki, sai a ce rowa ta yi masa yawa. To amma zamani ya zo da mutanen da ba baƙin kwana biyu ba, ba kuma 'yan gari ba: leburorin jirgi, masu aikin injin auduga, malaman En'e da aka turo daga wasu garuruwa, 'yan ciniki masu jiran kakar gyaɗa. Duk suna da abin biya a aljihu, sai wurin shimfiɗa tabarma ne babu. Manyan maza suna zaune a gindin bishiya suna muhawara ko halal ne ko haram, mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana bakin murhu tana suyar ƙuli-ƙuli ta riga ta gama nata lissafin.

Inna ta zo Tudun Wada ne bayan ta fita takabar mahaifina. Ƙanenta, Kawu, ya riga mu zuwa yana sayar da goro, shi ya je ƙauye ya ɗauko mu, ya ba mu ɗaki a gidansa. Ba a taɓa yi mana gori ba, gaskiya ɗaya ce, amma Inna ba ta iya zaman a ba ka. Mace ce 'yar ƙarama, mai ƙarancin magana, hannunta kullum yana ƙanshin man gyaɗa. Dukiyar mace a zamanin a jere take a ɗaki, tasoshi ne da ƙore da mundaye, sai awaki a turke. Inna ta dubi jerenta wata rana ta ce, "Wannan ba ya haihuwa, sai dai in goge shi in mayar. Akuya tana haihuwa, amma annoba ɗaya ta isa ta share turke. Ƙasa kuwa tana nan inda ka bar ta." Ta kira dillaliya ta fara fitar da tasoshin ɗaya bayan ɗaya, har da wanda aka kai ta ɗakin miji da shi. Matan gidan suka yi ta salati. Lokacin kuɗin wuri yana mutuwa, anini da sisi suna shigowa, masu buhunan wuri suna ta kuka, sai Inna ta ƙara gaskata kanta.

Sai dai fili ba a kasuwa ake sayensa ba a wancan lokaci, roƙonsa ake yi. Ƙasa ta hukuma ce. Mutum ya je wurin mai unguwa, a kai shi gaba, ya faɗi ya yi gaisuwa, a nuna masa turaku, malamin fuloti ya rubuta sunansa, a ce masa ya gina da wuri in ba haka ba a ba wani. Mace mai mutunci kuwa ba ta tsayawa a gaban taron maza tana neman abu da bakinta, sai ta wakilta namijinta. Namijin Inna a duniya shi ne Kawu, don haka shi ya je, sunansa aka rubuta. Babu wanda ya ga aibu a ciki, haka kowa ke yi. Amma zaɓen wurin ba ta bar wa kowa ba. An nuna wa Kawu fili da rani, ya dawo yana murna wai shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai, ta ce a dakata. Sai da damina ta sauka, aka kwana ana ruwa, ta lulluɓa da sassafe ta ja ni muka je, muka tarar da filin nan kwaɗi suna biki a ciki. Ta sa aka canza mata da wani a kan tudu, mai tsakuwa, wanda kowa ya raina. Ta ce, "Fili da damina ake zuwa ganinsa. Wanda ya karɓa da rani ya sayi kifi a ruwa." Yau sai in ga yaro da digirinsa ya biya kuɗin fili a takarda, bai ko san gabas ɗinsa ba.

Ana cikin shirin ginin aka yi mini aure, auren bai yi ƙarko ba, na dawo da goyo a baya da 'yan kwanukana. Su ma suka bi sahun tasoshin Inna. Don haka ba 'yar kallo ba ce ni a gidan nan. Na ɗebo ruwa daga rafi har gashin tsakar kaina ya kaɗe. Na dafa wa magina dawa da wake. Na ga yadda ake taka ƙasa da ciyawa a bar ta ta ruɓe, a mulmula tubali a shanya, magini yana bisa katanga yana waƙa ana jefa masa yana cafewa. Jakuna suka kawo azara. Ranar daɓe matan unguwa suka taru da madaɓai suna waƙa suna habaici, har yau in na rufe ido ina jin wannan bugun a ƙirjina. Inna ba ta yi ginin gaba ɗaya ba, cewa take wanda ya zuba duk abin hannunsa a bango zai ci bango. Ɗaki biyu ta fara yi a waje ta sa 'yan haya, abin da suka kawo ta ƙara wani, a haka har ɗakunan waje suka jeru, mu kuma muna ciki da namu sashen da rijiyarmu.

Wanda bai ajiye 'yan haya ba bai san halin mutane ba. Mun ga wanda ya shigo shi kaɗai da tabarma, kafin wata ya kama ya tara mutanen garinsu kaf a ɗaki ɗaya. Mun ga wanda ya hura wuta a tsakar ɗaki ya mai da azara baƙi ƙirin, da wanda ya gudu ya haɗa da ƙyauren ɗakin. Ga duba-gari da hular kwano yana leƙa randa yana neman 'ya'yan sauro, in ya samu mai gida za a ci tara, ba mai randar ba. Inna daga bayan zana take mulkinta. Ba ta karɓar wanda babu wani sananne da zai tsaya masa. Mai iyali ya fi mata gwauro, wai mai mata ba ya tashi dare ɗaya. Wanda kuwa ya yi saurin yarda da kuɗin ɗaki bai ko nemi ragi ba, sai ta ce a sallame shi, don wanda ba shi da niyyar biya ba ya ciniki. Duk wannan ta bakin Kawu yake fita. Shi ke magana da su, shi ke karɓa in wata ya mutu, ya ƙulle a gefen rawani ya shigo ya durƙusa ya ajiye mata, ko anini bai taɓa yin ciwon kai ba. Sai dai duk wanda ya zo neman ɗaki cewa ake masa ya je gidan mai goro. Masu talla ma haka suke kwatance, har yaran da aka haifa a ciki.

Ni wannan suna ya tsaya mini a maƙogwaro. Dama ni tun ina yarinya an san ni da rashin barin ta kwana. Wata rana muna matsar mai na ce, "Inna, gidan nan fa kowa cewa yake na Kawu ne."

Ta ce, "To su faɗa mana. Bakinsu ne zai rage mini ɗaki?"

Na ce, "A kira liman da mai unguwa da dattawa biyu, Kawu ya faɗa a gabansu cewa naki ne. Goro kawai za a raba."

Ta saki tunkuzar da ke hannunta ta dube ni. "Wato in tara mutane in ce musu ban yarda da ƙanena ba? Wanda muka sha nono ɗaya? Ke wace irin 'ya ce da ba a haife ki da kunya ba?"

Na ce, "Ba rashin yarda ba ne, Inna, rai ne ba shi da tabbas."

Ta ce, "Rufe mini baki. Fatan mutuwa kuma kike masa?"

Na rufe. A wurinsu neman shaida tsakanin 'yan'uwa zagi ne, ya fi mari ciwo. Kuma na tabbata Kawu ma abin ya taɓa zuwa masa, shi ma kunyar ce ta hana shi, kada yayarsa ta ce ya gaji da ɗawainiyarta. Mutum biyu masu gaskiya, kowa yana jin nauyin kowa, suka bar magana a rufe. Ni daga baya Allah ya ba ni gidaje a garin nan, kuma babu wanda ban je da ƙafata na tsaya a gaban maza an kira sunana da na ubana ba. An ce mini mara kunya ya fi a ƙirga. 'Yan matan da ke zuwa neman shawara yanzu, masu albashi, sai in ji ɗaya ta ce da sunan yayanta ta saya, ko na mijinta, don kada a ce. Nakan ce mata yayan naki mutumin kirki ne, na yarda, amma in ya mutu da magadansa za ki yi, ba da shi ba.

Sanƙarau ne ya ɗauki Kawu a wata bazara mai zafi. Ya dawo daga kasuwa yana cewa wuyansa, kafin a haɗa magani baki ya rufe, bai bar wasiyya ko ta kalma ɗaya ba. Ya bar mata da 'ya'ya rututu, ga goron da ke hannunsa ashe yawanci na mutane ne. Babban ɗansa namiji taubashina ne, kusan sa'ana. Shi wannan da aka tashi yaye shi wurin Inna aka kawo shi can ƙauye, ya zauna a hannunta shekaru, a baya ɗaya aka goya mu. Gwaggo yake ce mata, ita kuwa ko sunansa ba ta iya kira da ƙarfi don so. Ni da shi ba ma haɗuwa ba mu yi wasa ba, ya ce mini mai bakin reza, in ce masa mai kunnen zomo. Kuma da kansa ya ɗauki wasu daga tasoshin Inna ya kai wa dillaliya, ina tsaye aka ɗora masa.

Bayan sadakar arba'in sai ga mutanen alƙali a ƙofar gidanmu da igiya, sun zo ƙiyasta gidan marigayi don rabon gado. Taubashina yana bayansu yana kallon ƙasa. Ban san sanda na fito zaure ba, mayafi a hannu.

Na ce, "Kai, mai kunnen zomo, wasan ne ya kai haka?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ni dai na tashi na ji ana cewa gidan Baba. Kuma sunansa ne a wurin hukuma."

Na ce, "Tasoshin da ka ɗauka fa? A kan wa aka ɗora su?"

Ya ce, "Yaro aka aika, ya je ya dawo. Ina na san abin da aka yi da kuɗin?" Sai ya rage murya. "Ƙannena goma sha wani abu suna kallona. Me kike so in ce musu?"

A nan na gane ba mantawa ya yi ba. Ya auna ne ya ga marayu a gefe ɗaya, tsohuwa ɗaya a gefe ɗaya, ya lallashi zuciyarsa har ta kwanta. Ni kuwa tawa ba ta kwanta ba. In gidan nan ya tafi, ni da Inna da ɗana ba mu da inda za mu sa haƙarƙari, kuma duk abin da muka mallaka yana cikin bangon. Kwanakin nan ban ci abincin kirki ba. Na je wurin mai unguwa, na je wurin liman, na bi 'yan haya ɗaki-ɗaki, na aika neman maginin aka ce ya koma ƙasarsu ba a san inda yake ba. Inna ta ce a bar wa Allah. Na ce Allah ne ya halicci alƙali. Da kuka da naci na sa ta yarda aka kai ƙara, macen da ba ta taɓa tsayawa gaban namiji ba sai ga ta durƙushe a zauren shari'a, ta rufe fuska har haɓa.

Alƙalin dattijo ne mai sanyin murya, kuma ban ce ya zalunce mu ba. Ya saurari Inna, ya ce mai da'awa ita ke kawo shaidu. Mai unguwa ya ce shi dai marigayi ne ya zo masa, shi aka nuna wa turaku. 'Yan haya suka ce su marigayi suka sani, shi suke ba kuɗi, ba su taɓa ganin fuskar tsohuwar ba. Dillaliya ta ce ta sayar da tasoshi, amma ba ta bi kuɗin ta ga inda suka shiga ba. Na yunƙura zan yi magana, alƙali ya ce shaidar 'ya ba ta karɓuwa ga uwarta, ga shi kuma ina da rabo a cikin abin. Na ji kamar in haɗiye zuciya in mutu. Duk unguwa an san gaskiya a ciki, amma babu wanda ya ji da kunnensa daga bakin Kawu.

Alƙali ya ce, "Tun da babu shaida, rantsuwa ta hau kan wanda ya musa." Ya dubi taubashina. "Za ka rantse ba ka san gidan nan na gwaggonka ba ne?"

Ya ce, "Zan rantse."

Yaran yau ba za su san nauyin wannan kalma ba, su da ke cewa wallahi tallahi a kan canjin mota. A zamaninmu mutum yakan yi asarar gona da gaskiyarsa don kada ya dafa Alƙur'ani. Wanda kuwa ya dafa a kan ƙarya, ba a jiran lahira, kowa ya sa ido ne ya ga ta inda abin zai fara, ko hauka, ko kuturta, ko gobara, ko 'ya'ya su yi ta mutuwa. Aka ba shi buta ya fita alwala. Muna jin zubar ruwan daga inda muke. Muhuti, mataimakin alƙali, ya ɗauko gafakar Alƙur'ani ya kwance igiyarta. Ni a raina cewa nake ya dafa, ya dafa mu gani. Ya dawo ruwa na ɗiga daga gemunsa, ya durƙusa, ya miƙa hannu.

Sai na ji muryar Inna, da ƙarfin da ban taɓa jin ta da shi ba. "Allah ya gafarta malam, a mayar da Littafin."

Alƙali ya ce, "Me kika ce, baiwar Allah?"

Ta ce, "Na janye. Na bar masa, duniya da lahira. Kada ya taɓa."

Na riƙo zanenta na ce, "Inna!" Ta buge hannuna. Alƙali ya tambaye ta ko an tilasta ta, ta ce babu wanda ya tilasta ta. Ya daɗe yana kallon taubashina, kallon da na san ya gane komai, sannan ya ce a rufe gafaka.

A hanya ban bar ta ta huta ba. Tun daga Ƙofar Doka nake faɗa, mutane suna juyowa. Na ce ta zubar da guminta da nawa, na ce ta mai da ɗana ɗan haya tun bai san kansa ba, na ce ai da ta bar shi ya dafa Allah ya yi mana sakayya a gaban kowa. Tana tafe abinta, sai da muka zo gindin wata tsamiya ta tsaya tana haki.

Ta ce, "Sakayyar a jikin wa za ta sauka? Yaron nan ni na tauna abinci na sa masa a baki. In ya dafa ya lalace, ni na kai shi, don ni na yi ƙara. In shiga ɗakin in kwanta ina jin ana cewa ga shi can yana tsince-tsince a bola? Ranar da na haɗu da ubansa in ce masa me?"

Na ce, "Shi ya tuna da wannan?"

Ta ce, "Shi yaro ne. Ni ce babba."

Na faɗa a gabanta kuma ina faɗa yanzu, ban yarda da ita ba. Na shekara sittin da wani abu ina juya maganar nan, wata rana in ga ta fi ni gaskiya, gari ya waye in ji raina ya sake ɓaci kamar jiya aka yi. Abin da na sani kawai, ban taɓa ganin wanda ya yi asara ya taka ƙasa da nutsuwa irin tata a yammacin nan ba, ni da ban janye komai ba ni ce ƙafata ke harɗewa.

Muka sami ɗaki ɗaya na haya a Tudun Jukun, wurin wata mai koko. Ranar da za mu tashi, damina ta kawo kai, gabas ta yi baƙi. Kayanmu ba su cika jaki biyu ba. Inna ta share ɗakinta tas, ta share tsakar gida, ta rufe bakin rijiya. Muna fitowa zaure muka tarar da taubashina a durƙushe, ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya.

Ya ce, "Gwaggo, don girman Allah kada ki tafi. Ɗakinki naki ne har ƙarshen rai. Babu mai ce miki komai."

Ta ce, "Na sani. Amma in na zauna, kullum ka shigo sai ka sunkuyar da kai, namiji kuwa ba ya riƙe marayu da kai a sunkuye. Tashi."

Bai tashi ba. Ni ko kallonsa ban yi ba, na saɓa ɗana na yi gaba. Har mun fita mun ɗan taɓa tafiya sai na ga Inna ta tsaya, ta juya tana duban saman soro, ta sa hannu ta kare ido. Na ɗauka kuka za ta yi, na ce a raina to yau dai za ta san abin da ta yi. Sai ta koma da baya har bakin zaure, ta leƙa.

Ta ce, "Kai, indararon gabas ɗin nan ya toshe, tsuntsaye sun yi sheƙa a ciki. Ka sa yaro ya hau yau ɗin nan, kada ka bari sai gobe. In ruwan nan ya kwanta a kai, ɗakin mai jariri ne a ƙasa."

Daga cikin zauren na ji ya ce, "To, Gwaggo," sannan ya fashe da kuka irin na yara. Ita kuwa ta gyara lulluɓinta ta wuce ni, ta ce in ɗaga ƙafa kada ruwa ya tare mu a hanya.